Ranar Da Na Naɗe Regilata Da Jiƙaƙƙen Buhu

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Kelle ba, wata biyu da dawowata Gure daga koyon gyaran lantarki a Damagaram. Lokacin kaina ya kumbura, ko masallaci za ni sai da turnabis, abin kwance noti, a aljihun gaba.

Kakata Iya Falmata tana da wata tsohuwar rediyo, da kaset guda ɗaya tak. Muryar marigayi kakanmu ce a ciki, saƙon da ya aiko mata tun yana ci-rani a Libiya, kuma babu irinsa ko'ina. Ranar da Kawu Ari zai kai ta ganin danginta a kamyonsa, babbar motar da yake ɗaukar kaya da fasinja, sai pil ɗin rediyon, wato ƙananan batiranta, suka mutu. Na ga idonta ya yi rau-rau, na buga ƙirji.

"Bar batun pil, Iya. Da batirin mota zan ba ta wuta."

Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, kamyo wutar bolt ashirin da huɗu yake bayarwa, rediyon tara take so."

"Ai shi ya sa aka yi regilata, Kawu," in ji ni, na zaro wani ɗan abu mai ƙafa uku, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, wanda ke rage ƙarfin wuta. Abin da ban tuna ba, sha biyar ɗin da ya rage ba ɓacewa suke yi ba, zafi suke komawa. (An koya mana, wallahi, ina jin ranar gyangyaɗi nake yi.)

Na haɗa wayoyi, rediyo ta kama. Ba mu fita gari ba na taɓa ɗan abin nan, na ji zafi rau! Kawu ya ce in ɗaure shi a jikin ƙarfe inda iska ke bugawa. Ina! Ni da na je Damagaram? Idona ya faɗa kan bidon, jarkar ruwan da ke rataye a jikin mota, naɗe da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda kowa ke sanyaya ruwa a nan. Na yanko buhu, na jiƙa, na naɗe regilata tam, na tura ƙarƙashin kujera. Har bayani na yi wa fasinja.

Shi bidon a waje yake, yana shan iska. Nawa buhun kuwa nan da nan ya bushe ya zama bargo.

Iya ta lumshe ido tana sauraron mijinta yana gaishe ta, sai wari ya taso. Robar wayoyin ta narke, suka haɗu, wutar kamyo gaba ɗaya ta afka cikin rediyo. Muryar kakanmu ta ɗauki gudu, tsiwit-tsiwit kamar ta ɗan tsako, sai hayaƙi, sai tsit.

Kawu ya taka birki. Na ɓalle murfin rediyon, ina salati, don na san in zaren nan ya ƙone, ni na raba ta da muryarsa har abada. Kaset ya fito da ɗumi, amma lafiya lau. Rediyon dai ta riga mu gidan gaskiya. Na durƙusa a kan rairayi, gaban kowa, na kasa ɗaga kai, hawaye na zuba.

Iya ta karɓi kaset ɗinta ta ƙulle a bakin zane, ta dafa kaina.

"Tashi, maigidana. Shekara arba'in ina roƙon mutumin nan ya riƙa sauri in yana magana, bai taɓa yi ba sai yau da ka sa baki."

Mota ta kwashe da dariya, ita ma tana yi tana share ido.

Yanzu in zan ɗauki wuta daga kamyo, regilatar da ba ta tara zafi nake zaɓa, in ɗaure ta a faffaɗan ƙarfe, in bar mata iska. Kuma in tsohon direba ya buɗe baki, nakan rufe nawa.