Rasuwar Modem ɗin Torleif Haugsnes

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki duk a mace, Torleif Haugsnes, tsohon masunci mai gidan ƙarshe a bakin gaɓa, yake sanar da rasuwar modem ɗinsa, na'urar da take sada kwamfutarsa da duniya ta layin tarho. Ta cika ranar Talata da hantsi, a hannun ma'aikacin kamfanin waya.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a hunturun da aka binne matarsa. 'Yarsa Ingunn ce ta kawo ta kafin ta koma Kanada. Ba a taɓa saninta da gaggawa ba. Hoton jika guda takan sauko da shi kaɗan-kaɗan, gashi tukuna, sannan goshi, har kofi ya huce ba a ga haɓa ba. Kullum da yamma takan gyara murya, ta ce kiii, ƙurrr, shhh, sannan ta yi tsit ta kama aiki.

Tana da nata laifin. In ta riƙe layi ba ta saki. Da ire-irenta suka yawaita a ƙauyen, sai ya zama bayan cin abincin yamma ba mai samun kowa. Ranar da haihuwa ta gagari saniyar maƙwabciyarsa Solfrid, matar ta yi ta neman likitan dabbobi a waya, layi a cushe, har ɗan maraƙin ya mutu. Ta tsaya a ƙofar Torleif ta ce, "Kai da akuyar nan taka mai kuka, kun hana gari magana." Ciwon ajali daga nan ya faro. Kamfani ya raba hanyar intanet da ta murya, ya kawo wani farin akwati bebe a madadinta.

Ta rasu ta bar kwamfuta, da doguwar igiya, da tarho. Ta kuma bar Torleif, wanda ƙanwarsa Gunvor kan tare shi a ƙofar coci ta ce, "Yaya, kullum sai na kira ka, layinka a kame." Shi kuwa yakan yarda. Tun Talata layin a sake yake. Ya jawo kujera kusa da tarhon, har yau bai yi ƙara ba.

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar da safe, a kwandon tsofaffin kayan lantarki da ke bayan kantin ƙauye. Daga nan za a sha kofi a gida. Wanda hanya ta yi wa nisa yana iya yin ta'aziyya ta waya. Torleif yana gida, ba inda za shi.