Kat-san-kat Ɗin Kakana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama sananne a Maijirgi, irin sanin da ba ka roƙa wa ko maƙiyinka.

Kakana ya rasu ya bar wata tsohuwar mota buɗaɗɗiyar baya, irin wadda ake kira kat-san-kat. Ta daɗe a bayan gidanmu a Tasawa, kaji na ƙwai a kujerarta, awaki na fakewa a ƙarƙashinta. Kowa ya ɗauke ta a matsayin akurki, sai ni mai hangen nesa. Na kalli bidiyon Turawa a waya suna tayar da tsofaffin motoci, na ga ba abin da suka fi ni sai garaji mai tsabta.

Na duƙufa. Na kankare tsatsa, na cike ramukan jiki da ƙullun liƙi da ake kira mastik, na goge, na kai aka fesa mata farin fenti har kana ganin haƙoranka a ƙofa. Kayan asali kuwa sun ɓace daga duniya, don haka na je Maraɗi na sayo na kwaikwayo: fitilu, madubi, da hannayen ƙofa masu ƙyalli kamar azurfa. Mai shagon ya rantse mini sun fi na asali ƙarko (ya faɗa yana kallon rufin shago, amma ni na ɗauka tawali'u ne). Saura daɓen motar, wurin da fasinja ke aza ƙafa. Tsatsa ta cinye shi ya koma kamar rariya. Na yi nazari irin na injiniyoyi, na ce ai ba mai leƙa nan. Na yanko gwangwanin man gyaɗa, na liƙa da mastik, na shimfiɗa jan kafet a kai.

A lokacin ina neman auren Ramatu. Mahaifinta, Alhaji, mutum ne mai jiki da kwarjini, ba ya dariya sai da dalili. Na ji za shi Maijirgi ɗaurin auren ɗiyar ƙanensa marigayi, shi ne waliyyi. Ba wanda ya aike ni. Da ƙafata na je na durƙusa na ce, "Baba, in an yarda, ni zan kai ku."

Ya zagaya motar, ya shafa fenti. "Kai ka gyara wannan?"

"Ni ne, Baba. Da hannuna. Ciki da waje."

Wannan "ciki da waje" har yau in na tuna sai na ji zazzaɓi.

Tafiya ta yi daɗi, injin bai ko yi tari ba. Muka iso ƙofar gidan biki, mutane maƙil a kan tabarmi, liman na jira. Maroƙi ya hango mu ya fara zuba kirari, har ni ya haɗa. Na fito ina taku kamar direban minista, na zagaya don buɗe wa Alhaji. Na kama hannun ƙofa na ja. Ya biyo ni. Ƙofa tana nan a rufe, ni kuma ga ni tsaye da guntun ƙarfe mai ƙyalli, ina murmushi.

"Baba, ku ja na ciki."

Ya ja. Ya miƙo mini shi ta taga.

Da na yi shiru a nan, da ya zame ta ƙofar direba an wuce wurin. Amma injiniya ba ya rasa shawara. Na ce, "Baba, ku taka ƙasa da ƙarfi, ku tura da kafaɗa."

Ya taka. Aka ji ƙarar gwangwani, sai Alhaji ya rage tsawo. Ƙafarsa ta dama ta ɓulla ƙarƙashin mota har gwiwa, da jan kafet naɗe da ita, takalminsa ya faɗi a rairayi. Maroƙi ya tsaya tsakiyar kirari. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, "La ilaha! Motar haihuwa take?"

Aka yi ƙoƙarin zare ƙafar, bakin ƙarfe ya riƙe wando yana neman nama. Aka aika kiran maƙeri, aka ce ya tafi gona. Rana na yi, dangin ango sun zo daga nesa suna son komawa, aure kuma ba ya ɗauruwa babu waliyyi. Liman ya numfasa ya ce a jawo tabarmi. Haka jama'a suka kewaye motata, wakilin ango ya tsaya a bakin taga ya nemi aure, Alhaji ya bayar daga ciki, da babbar riga da rawani, ƙafa ɗaya na lilo a ƙasa. Aka shafa fatiha. Ni ma na shafa, da hannayen ƙofa biyu a aljihuna.

Da maƙeri ya zo ya tsaga daɓen ya fito da shi, Alhaji ya sa takalminsa a natse, ya dube ni ya ce, "Yaro, ka iya fenti." Ya hau bayan babur ɗin wani ya koma Tasawa.

Na yi makonni ina zagaye unguwarsu. Ramatu ta kira ni, ta kasa magana don dariya, ta kashe, ta sake kira. Abin mamaki, Alhaji bai hana ni ita ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar biki a amalanke za a kai amarya, kuma ba ni zan duba tayoyin ba.

Darasin da na koya shi ne, in za ka yi gyara don burge mutum, fara da inda zai taka, ba inda zai kalla ba. In kuma ka riga ka liƙa gwangwani, to ka nemi suruki marar nauyi.