Kaboyin Damagaram

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama kaboyi a bainar jama'a ba.

Shekarata ta farko a Bron, wani gari can kudu da Paris, sanyi ya kulle ni a ɗaki, sai na faɗa kallon wani shirin talabijin na Kanada a intanet. Tsofaffin Turawa ne da malafa da jita, wannan ya yi waƙa, wancan ya yi barkwanci, mata su jeru suna buga ƙafa. Ingilishi kuwa ko "zo in kashe ka" ban sani ba (Faransanci muka yi a lakkwal, wato makaranta), amma na haddace wata waƙa mai sanyi tsaf. Da yake mawaƙin har ƙwalla yake yi, na yanke cewa ta soyayya ce.

Sai ga bikin yayar Rakiya, yarinyar da nake nema, a Aubervilliers, gefen Paris. Aka ce kawunsu, wanda aurenta ke hannunsa, zai zo daga Montréal ta Kanada. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na sayi malafa, na ɗora kan shadda, na kama jirgin Paris.

A wurin biki na durƙusa na gai da kawun. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, ina ka ɗaure dokin?"

Aka yi dariya, har da ni (na ɗauka yabo ne). Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Ni kuwa na karɓi mikro, na ce ga goron biki daga ƙasar Alhaji. Na rufe ido, na rera har da karkarwar murya.

Da na buɗe ido, wata Hajiya 'yar Kano, matar wani ma'aikacin ambasad, wato ofishin jakadanci, ta riƙe haɓa.

"Ɗan nan, ka san abin da ka faɗa?"

"Soyayya ce, Hajiya."

"Cewa ka yi matarka ta gudu da maƙwabci, ta haɗa da mota da kare, kai kuma kana ta ɗirkar giya. Kuma wai karen ka fi kewa."

Ango ya saci kallon amarya. Rakiya ta shige bayan ƙawayenta. Alhaji ya ce duk zamansa a Kanada bai taɓa jin wannan masifa ba, sai da ya zo Paris.

An dai ba ni Rakiya, bayan dattawa sun sha zirga-zirga, amma har yau danginta "Mai Kare" suke kirana.

Yanzu in na ga Bature yana kuka da jita, sai na fara tambayar me ya ɓace masa kafin in taya shi.