Mai Ƙaramar Murya a Gaban Mai Gari

Wani ne can wajen Birnin Lalle, tun kafin Nasara su shigo ƙasar Dakoro. Allah ya ba shi jiki, ƙato ne sosai, amma murya kamar ta sauro. In ya yi sallama, sai an taɓa shi an tambaya ko magana ya yi.

Takarkari ɗaya gare shi, da shi yake jan ruwa a rijiya. Ran nan ya sake shi kiwo, bai dawo ba. Ranar kasuwa sai ga takarkarin a hannun wani dillali, Hamani, ana ta taya shi. Mutumin ya tsaya yana cewa, "Nawa ne, nawa ne." Ba wanda ya ko waiwayo.

Matarsa Aisata ta ce, "Maigida, tafi gun mai gari. Abin da duk ya ce maka, ka yi, ban da gardama."

Mai gari Sa'adu tsoho ne, kunne ya yi nauyi. Yana zaune gindin gawo da fadawansa, aka kirawo Hamani da san. Mutumin ya durƙusa ya fara jawabi.

Mai gari ya ce, "Mi ya ce? Kai, ɗaga murya!"

Sai ya miƙe tsaye, ya ci gaba da raɗa.

"Na ce ka ɗaga ta!"

Ya jawo turmi ya kife, ya haye, har da ɗage.

"Wai ba ka ci tuwo ba? Ɗaga ta sama sosai!"

Mutumin ya dubi gawo, ya tuɓe takalma. Ƙaya na yagar rigarsa, ya yi ta hawa har reshen ƙarshe. Daga ƙasa bakinsa kawai ake gani yana motsi.

Wani bafade ya yi masa tsawa, "Kai, saki muryar mana!"

Ya girgiza kai. Wani mai kaifin kunne cikinsu ya ce, "Wai takarkari ya saki, ga inda ya kai shi. Murya kam ba ya saki."

Hamani ya fara jan igiya. "Ranka shi daɗe, tun da ba mai ƙara, ni zan wuce."

Mai gari ya fusata, ya daki ƙasa da sanda. "Kai na sama! Ka faɗi mu ji!"

"In faɗi?"

"Faɗi mana!"

Mutumin ya yi bisimilla, ya saki reshe. Tim! Ya kwarma ihu, "Wayyo Allah, bayana!" Raƙuman kasuwa suka zabura, har garin Ɗan Gulbi an ce kaji sun watse.

Mai gari ya washe baki. "Yauwa! Ga murya nan ashe. Amma farkon ya wuce ni. Sake faɗi."

Mutumin na kwance ya dubi gawo, ya dubi san.

"Ranka shi daɗe, a bar masa takarkarin."