Rasuwar Hajiya Juriya a Ramin Latbiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yanzu bai bushe ba, Malam Ya'ƙub Gumel, ɗalibin digiri na biyu mazaunin Ainu Shams a Alƙahira, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, Hajiya Juriya. Ta cika ranar Talata bayan azahar a fagen daga, da kundin digirinsa kacokan a cikinta, babu kwafi ko a filashi, alhali Duktur mai duba aikin ya ce mako mai zuwa ko kundi ko maimaita shekara.

Marigayiya mai haƙuri ce. Don karatu aka sayo ta, amma da Ya'ƙub ya ɗora mata wasan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai ta karɓa hannu bibbiyu. Bawan Allahn da ko a taswira sai an nuna masa Latbiya da yatsa, shi ne ya wayi gari kwamandan sojojin ƙasanta, yana tsare wani rami mai laka kada Jamusawa su ƙwace. Duk wanda ya kira daga gida sai ya ji wai ana kan babi na huɗu.

Zazzaɓi ne ajalinta. A fuskarta sojoji na rawar ɗari cikin dusar ƙanƙara, a cikinta kuwa zafin Agusta na Masar ke ci, fankarta na nishi, "Fuuu, kirrr, fuuu." Asibiti bai taso ba. Sai Ya'ƙub ya buɗe firiza, ya ɗauko daskararriyar ledar mulukiya, wato ganyen miyar lalo, ta abokin zamansa Tarig, ɗan Sudan, ya shimfiɗa mata a ƙasa.

Ranar kuwa Jamusawa da gaske suka zo. Igwa ta yi ruwa, aka datse waya mai ƙaya, mashinga ta ƙare harsashi, aka koma wuƙa da shebur. Ana cikin haka Tarig ya leƙo neman miyarsa, tukunya na kan wuta.

"Ma'alish, ya zol, yi haƙuri mutumina," in ji kwamanda, ko waiwaye babu. "Bari in kore su tukuna."

Ledar ta narke, ta tsage, koren ruwa ya bi ƙofofin iska ya shige. Maganar marigayiya ta ƙarshe ita ce, "Tsss... fat."

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da gurgun linzamin kwamfuta, da rami a hannun Jamusawa, da Tarig wanda ya ci gayan shinkafa kuma ya ce khalas, magana ta ƙare, shi ba zai yi zaman makoki ba.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi a jirgin ƙasa na metro zuwa shagon Usta Isam mai gyara. Ustan ya riga ya ji bayani ta waya, ya ce faifan ajiyarta zai iya juyawa sau ɗaya na ɗan lokaci, abu guda kawai za a ceto: kundin, ko matakin da aka kai a yaƙin. Ana roƙon jama'a su halarta da yawa, musamman masu ƙarfin damtse da za su riƙe mai makoki, domin ya ce a ba shi zuwa gobe ya yi shawara.