Rasuwar Sikanar Malam Haliru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan zargi a gefe, Malam Haliru Gumel, ɗalibin digirin digirgir mazaunin unguwar Pantai Dalam can ƙasar Malay, yana sanar da rasuwar sikanarsa, na'urar ɗaukar hoton takarda, ranar Talata. Shekararta shida.

Marigayiya mai haƙuri ce. Tsoffin littattafan zanen barkwanci na yara, na shekarun 1950, da mai ita ke tsintowa wurin wani ɗan gwanjo a kasuwar Chow Kit, ita ke kwafe su shafi-shafi, shi kuma ya goge Turancin bakin 'yan zanen, ya zuba Hausa, ya sake bugawa. Duk wannan ɗawainiya saboda 'yarsa Bilqis ce, mai shekara bakwai, wadda in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci ko yaren Malay. Tsoron uban shi ne ranar da za ta tsaya gaban kakarta a Gumel ta rasa bakin gaisuwa. Ba a taɓa jin ƙorafi daga marigayiya ba, ban da “zuuu, ƙyas” a ƙarshen kowane shafi.

Lafiya ƙalau aka bar ta da safe, shi ya sa mai ita bai yarda ajali ne kawai ba. Ya zargi maƙwabcinsa Yahuza, mai aron ta don takardun biza, mutumin da bai san wurin ajiye kofin shayi ba sai kan kayan mutane. Ya zargi mai ɗakinsa Hadiyya, da ta daɗe tana hararar teburin nan don kekenta na ɗinki. Kwana biyu yana amsa gaisuwa ciki-ciki.

Da mai gyara ya buɗe cikinta, sai ga shuɗin fenti ya bi ko'ina ya bushe. A bayan tebur kuma aka zaro wata takarda da aka cusa, an sa ta a na'ura tun tana jiƙe: zanen yarinya durƙushe gaban tsohuwa, a saman kanta gaisuwa ce da Hausa, harafi na hawa kan harafi, irin rubutun Bilqis. Malam Haliru ya karanta sau uku, ya rufe bincike. Yahuza dai har yau ba a gama wanke shi ba.

Ta rasu ta bar firinta mai fama da ƙarancin tawada, da igiyar wuta, da marayun shafuka arba'in.

Za a kai gawa wurin masu karɓar matattun kayan lantarki a Chow Kit ranar Asabar bayan Azahar. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su gaisa da Bilqis da Hausa, su kuma jira ta amsa.