Yatsan da ke Nuna Dogarawa

Ƙanena ya dawo daga ƙetare da ƙwallon besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge da sanda. A tashar Ƙonni ya nuna muna gasar jihohin ƙasar can a wayarsa, wai tun zamanin kakanninsu ake yin ta. Kowa ya zuba ido, ƙwallo na wucewa ido bai ganinsa.

Ni kuwa, da gemuna, na ce, "Ƙatti haka, sai da safar hannu? Jeho mini."

"Yaya, kamar dutse yake fa."

"Jeho."

Ya jeho, a hankali ma. Na ji ƙas! Ranar na sara wa mutanen nan.

Yatsana ya warke a karkace. Har yau direbobi na kawo mini baƙo: "Nuna mai hanyar Tsarnawa." In na nuna, su ce, "Shi ke nan, ya tura ka Dogarawa."